Mu Na Ƙarshen Layi Mu Za Mu Fi Biyan Harajin Mai

Jama'ar Hausari a Nguru, da 'yan'uwanmu na Zango da unguwar Sarkin Hausawa a Gashuwa.

A makon jiya muna zaune a majalisa bayan la'asar sai maganar harajin man fetur ta taso. Wani direba da ke jigila tsakanin Nguru da Gashuwa ya kaɗa hannu ya ce, "Malam, ku daina wahalar da bakinku, ai an fasa." Mutum uku suka gyaɗa kai, aka koma hirar farashin gero. Wannan gyaɗa kan ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba a fasa ba. Jinginewa aka yi, kuma sandar da aka jingine a bayan ƙofa, ranar da mai ita ya ga dama zai miƙa hannu ya ɗauko.

Ga yadda maganar take, don kada wani ya ce jita-jita muke yaɗawa. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda dukkansu suka fara aiki zuwa ranar 1 ga Janairu, 2026. A cikin ɗaya daga cikinsu akwai sashen da ya ɗora ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan farashin da ake sayar da man fetur da man gas a gidan mai. An ware kananzir na gida, da iskar gas ta girki, da iskar CNG ta motoci, ba za a taɓa su ba. Ba a sa ranar fara karɓa ba: dokar ta bar wa Ministan Kuɗi ya sa ranar da kansa, ya buga a jaridar gwamnati, shi ke nan. Ba sai an koma majalisa ba, ba sai an sake tambayar kowa ba.

Lokacin da ake ta kai ruwa rana a kan waɗannan dokoki, tun daga ƙarshen 2024, hankalin Arewa kacokan ya tafi kan rabon kuɗin VAT. Gwamnoni sun yi magana, sarakuna sun yi, malamai sun yi a kan mumbari. Muna can muna tsare ƙofar gaba, wannan ya shigo ta bayan gida. Sai a watan Satumba na 2025 aka farga, ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta yi barazanar yajin aiki, sannan Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya fito ya ce gwamnati ba ta da shirin fara karɓar harajin nan kusa. Abin da direbanmu ya ji ke nan ya ce an fasa. To amma "ba yanzu ba" da "ba za a yi ba" ai ba uwarsu ɗaya ba. Sashen yana nan daram a cikin doka.

Masu kare harajin suna da hujjoji, kuma adalci ne a kawo su yadda suke kafin a amsa. Na farko sun ce ba sabon abu ba ne. Taiwo Oyedele, shugaban kwamitin gyaran haraji na fadar shugaban ƙasa a lokacin, ya bayyana cewa tun 2007 wannan kashi 5 yake cikin dokar hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, inda aka tsara kashi 40 na kuɗin ya tafi ga hukumar, kashi 60 kuma ga hukumomin gyaran hanyoyi na jihohi. Gaskiya ne. Sai dai a tambayi kai: me ya sa daga 2007 zuwa 2025, shekara 18, babu gwamnatin da ta karɓa? 'Yar'aduwa bai karɓa ba, Jonathan bai karɓa ba, Buhari bai karɓa ba. Duk sun san talaka ba zai iya ɗauka ba, alhali a zamaninsu lita ba ta taɓa kaiwa naira 200 a farashin gwamnati ba. Abin da aka ga ya yi nauyi lokacin da lita take naira 65, yaya zai yi sauƙi yau da ta ninka haka nesa ba kusa ba? Tsufan doka a cikin takarda ba ya rage wa aljihu zafi ranar da aka fara zare kuɗin.

Hujja ta biyu ita ce wai kashi 5 ɗan kaɗan ne. A nan nake so mu tsaya, domin a nan ne maganar ta shafe mu fiye da kowa. Wannan haraji kaso ne na farashi, ba a ce naira kaza kan kowace lita ko'ina a ƙasa ba. Ma'ana, duk inda mai ya fi tsada, can za a fi biya. Ina ne kuwa mai ya fi tsada a Najeriya? Kowa a garin nan ya san amsa. Da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, jadawalin farashin da kamfanin NNPC ya fitar bayan kwana biyu ya sa lita naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 557 a Damaturu da Maiduguri. Mu ne a ƙololuwar wannan jadawalin, da tazarar naira 69 tsakaninmu da Legas. Wannan kuwa farashin babban birnin jiha ne. Kafin mai ya iso Nguru ko Gashuwa ya ƙara, kafin ya isa Machina ko Yusufari ko ƙauyukan fadama a cikin jarkar 'yan bumburutu ya sake ƙarawa.

Dattawanmu za su tuna ba haka abin yake ba a da. Tun 1975 gwamnati ta kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ke biyan kuɗin dakon tankoki zuwa wurare masu nisa, don mutumin Nguru ya sayi lita kusan yadda mutumin Legas ke saye. Da aka sakar wa kasuwa farashi, wannan kariya ta tafi. Yanzu man da muke sha daga bakin teku yake tasowa, ko daga tashar jiragen ruwa ko daga matatar Ɗangote da ke Lekki, ya yi tafiyar fiye da kilomita dubu a bayan tanka, kuma ita tankar man gas take sha. Kuɗin wannan doguwar tafiya yana cikin farashin da muke biya. Idan aka ɗora kashi 5 a kai, an sa mana haraji a kan man, an sa mana haraji a kan nisan. Man gas ɗin da tankar ta ƙona a hanya shi ma an karɓi nasa, kuma mai tanka ba daga aljihunsa zai cire ba. Laifinmu kawai shi ne Allah ya ajiye mu nesa da teku.

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya yi da yatsunsa. Mu ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙi. Harajin ya zama naira 50 ke nan. Yaro mai a-daidaita-sahu da ke shan lita 5 a rana zai biya naira 250 kullum, naira 7,500 a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, wato abin da za a zare masa ya haura kashi ɗaya bisa goma na albashin ƙaramin ma'aikaci, kuma kafin ya kai wa mai keken balas. Manomin rani da injinsa zai sha lita 200 daga shuka zuwa girbi zai biya naira 10,000 kafin ya ga ƙwayar shinkafa ɗaya, ko amfanin ya yi ko bai yi ba. Ko zakka sai dukiya ta kai nisabi ake fitarwa, amfanin gona kuma sai ranar girbi. Wannan haraji bai san nisabi ba. Mai motoci goma a Abuja da bazawarar da ta aiki ɗanta niƙa da kwano ɗaya na dawa, duk zai shiga aljihunsu.

Kuma mai a wurinmu ba kayan yawon shan iska ba ne. A tafi fadama daga yanzu zuwa bazara a saurara: ƙarar injin ban-ruwa za a ji tun daga bakin tafkin Nguru har gaɓar kogin Yobe a ƙasar Bade. Shinkafa, alkama, tattasai, albasa, tumatir, duk da fetur ake ɗaga musu ruwa. A dawo cikin gari a ƙirga masu cin abinci da janareta saboda wutar lantarki ba ta da tabbas: mai walda, mai injin niƙa, mai casar shinkafa, mai ƙanƙara, tela, mai aski, mai cajin waya, mai rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa ke ɗiba a wurinsa. Ranar da mai ya tashi, jarkar ruwa ma tashi take yi. Uwargida da ba ta taɓa shiga gidan mai ba za ta biya harajin nan sau biyar kafin ta sauke tukunya: a ruwa, a niƙa, a cefane, a itacen da mota ta kawo, a kuɗin keken yaran makaranta.

Ga mu Hausawan waɗannan garuruwa kuwa, abin ya taɓa tushen zamanmu. Me ya kawo kakanninmu nan? Fatauci ne. Da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a wajajen 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu, mutane suka taso daga Kano da Haɗeja da Katsina da Damagaram suka kafa unguwanni, masu ƙasa suka karɓe su hannu biyu. Sana'armu ita ce ɗaukar kaya daga inda yake da araha zuwa inda ake nemansa. Yau jirgin ba ya ɗaukar kayanmu yadda ya ɗauki na kakanninmu, komai ya koma bayan mota. Bandar kifi, riɗi, wake, kanwa, raguna da shanu, tirela ke kai su Kano da Kudu. Sukari, gishiri, siminti, taki da magani, tirela ke kawo su. Don haka duk ƙarin da aka yi wa man gas wuƙa ce mai kaifi biyu a wuyanmu. Abin da muke saye zai zo da tsada. Abin da muke sayarwa kuma, mai saye daga Dawanau ko Legas zai cire kuɗin mota daga farashin da zai ba manomi da masunci, domin can inda zai kai akwai kayan wasu wurare da suka fi mu kusa. Dillali da ɗan kamasho da ɗan dako, kowa ladansa zai ragu.

Akwai wani ɓangare da ba na son tsallakewa, ko da yake yana da ɗaci. Babu unguwa a Gashuwa da ba ta san ciwon ƙoda ba. Duk gidan da ke da mai wankin ƙoda ya san cewa kuɗin mota zuwa asibiti, ko Nguru ne ko Damaturu ko Kano, wani ciwo ne na daban, ga shi kuma ba tafiyar sau ɗaya ba ce, kuma maras lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Mun sha tara kuɗi a masallaci don irin wannan tafiya. Wanda ya ce naira 50 ba komai ba ce, ya zo ya tsaya a ƙofar masallaci ranar da ake irin wannan karo-karo ya ga nawa mutane ke iya sakawa.

Za a ce ai an ware CNG, sai mu koma can. Madalla. Wanda ya san inda mai a-daidaita-sahu zai cika tukunyar CNG a Jajimaji ko Dagona ya nuna mana. Wasu manoma sun yi dabara sun mai da injinsu yana shan iskar gas ta girki, wasu masu hali sun sayi na hasken rana, kuma muna yi musu fatan alheri. Amma mafi yawa ba su da kuɗin wannan canji, kuma tirelar da ke kai shanu Kudu ba da hasken rana take tafiya ba. Rangwamen da aka yi ya fi amfanar manyan birane inda tashoshin suke. Wannan ma wani nau'i ne na hukunta na nesa.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba: hanyoyi na buƙatar kuɗi, kuma ƙasashe da dama suna gyara hanyoyinsu da harajin mai. Babu wanda ya fi mu son hanya mai kyau. Direban da ya canja sifirin sau biyu a damina ɗaya ya san ramuka ma haraji ne. Idan hanya ta gyaru, kuɗin mota zai iya sauka. To amma wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. A 1994 Janar Abacha ya ƙara kuɗin mai zuwa naira 11, ya kafa PTF a ƙarƙashin Buhari. Jama'a sun ga hanyoyi da magunguna, amma da gwamnati ta canja a 1999 aka rushe asusun, farashin kuwa bai dawo ba. A Janairun 2012 Jonathan ya kai lita daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ta sauko 97, aka kafa SURE-P da alƙawarin ayyuka. A 2016 aka kai ta 145. A 2023 aka ce kuɗin tallafin da aka janye zai koma hanyoyi da asibitoci da makarantu. Kowane ƙari da alƙawarinsa yake zuwa. Alƙawarin ya shuɗe, ƙarin ya zauna.

Kuma tun da aka janye tallafi, kason da gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai, su da kansu suke faɗa. Wannan kuɗi daga ina ya fito? Daga aljihun wanda ya koma sayen lita ninki huɗu ko biyar na yadda yake saye a farkon 2023. Mun riga mun biya kuɗin hanya, har da gyara. Ba na cewa ba a yi komai ba. An gina sababbin kasuwanni a Nguru da Gashuwa, muna gani, kuma mun gode. Abin da nake cewa shi ne, wanda aka ba ajiya ya kawo lissafin ta farko kafin ya nemi ta biyu. A faɗa mana nawa aka samu, nawa aka kashe a hanyar Nguru zuwa Gashuwa zuwa Bayamari, nawa a ta Gashuwa zuwa Potiskum, nawa a ta Haɗeja. Sannan a tambayi direbobi nawa suke ajiyewa a shingaye da rasit iri-iri tsakanin nan da Kudu. Idan da gaske sauƙin sufuri ake nema, a fara da tsinke waɗannan igiyoyi, ko sisin gwamnati ba zai ci ba.

Ina kira na musamman ga gwamnatin jiharmu a Damaturu. Tun da tsarin 2007 ya ba jihohi kaso mafi tsoka, akwai jarabar gwamnoni su yi shiru, ko ma su riƙa matsa wa minista ya sa rana. Ina roƙon Gwamna Mai Mala Buni da 'yan majalisar jiha su yi lissafin da kyau. Abin da Yobe za ta samu daga rabon, a auna shi da abin da zai fita daga aljihun mutanen jihar da ke sayen mai da tsada, waɗanda yawancinsu noma da kiwo da su da ƙaramin ciniki ne abincinsu. Ba riba ba ce a yanki naman cinyar mutum a dafa masa romo.

Kada kuma wani ya ce magana ba ta da amfani. A watan Oktoba na 2025 an amince da harajin kashi 15 cikin ɗari a kan fetur da man gas da ake shigowa da su daga waje. Jama'a da 'yan kasuwa suka yi ca, kafin tsakiyar Nuwamba aka dakatar. Wannan ya nuna abu biyu: idon gwamnati yana kan tankin mai, kuma tana ja da baya idan ta ji murya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da aka buga sanarwar minista, duk abin da za mu yi ihu ne bayan hari.

Sai dai murya daban, ɓarna daban. Ba mu manta 1 ga Agusta, 2024 ba, ranar da zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe, aka sa dokar hana fita a Nguru da Gashuwa da Potiskum. Wa ya yi asara? Mai shago, da mai tebur, da ɗan dakon da sai ya fita zai ci. Mu da muke da rumfuna a kasuwa mu ne na farko da wuta ke ci. Samarinmu su ji da kyau: wanda ya fasa shagon maƙwabcinsa bai rage kuɗin mai da ko kwabo ba.

Abin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ƙungiyoyinmu na direbobi, da masu a-daidaita-sahu, da 'yan kifi, da 'yan hatsi, da mahauta, da manoman rani, kowace ta zauna ta rubuta lita nawa 'ya'yanta ke sha a wata da abin da kashi 5 zai ci musu. A haɗa takarda ɗaya, Sarakunan Hausawa da masu unguwanni su sa hannu tare da 'yan'uwanmu Badawa da Mangawa da Fulani, domin famfon gidan mai ba ya tambayar yare. A kai kwafi fadar Mai Bade da fadar Sarkin Nguru. A kai wa Sanata Ahmad Lawan, wanda ɗan Gashuwa ne kuma ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A kai wa wakilanmu na Bade da Jakusko, da na Machina, Nguru, Yusufari da Karasuwa a Majalisar Wakilai. Buƙatar guda ce: a gyara dokar a cire wannan sashe. Idan hakan ya gagara, a mayar da ikon sa rana hannun majalisa, inda muke da waɗanda za mu riƙe, kuma kada a karɓi ko naira ɗaya sai an daidaita farashi tsakanin na kusa da na nesa.

Masu neman ƙuri'a sun kusa fara sallama a ƙofofinmu saboda 2027. Duk wanda ya zo, a ba shi tabarma da ruwa kamar yadda muka gada, sannan a tambaye shi matsayinsa a kan kashi 5 na mai, a gaban jama'a, a kuma rubuta amsar. Ni dai na koma majalisa na karanta wa direban nan lissafin naira 7,500. Ya yi shiru, can ya ce in ba shi takardar zai kai wa shugabansu na tasha.

Allah ya sauƙaƙa mana, ya ba shugabanninmu ikon jin kukan na nesa.